A ba musaki sana'a, kar a ba shi ƙwaryar bara

Ran 3 ga watan Disamba ita ce ranar musakai ta duniya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaida ta a shekara ta 1992. Nijar ma tana da tata rana, 31 ga watan Yuli, amma ita tana hwaɗowa tsakiyar damana, lokacin da kowa ke gona. A Disamba kuwa hatsi ya shiga rumbu, mutane sun samu sararin zama. Shi ya sa wata makarantar yaƙi da jahilci ta ƙauye, cikin jihar Maraɗi, ta tara jama'a a wannan rana, ta kirawo wani tela shi yi musu jawabi. Telan shi ne shugaban ƙungiyar musakai ta garinsu. Shan inna ya shanye mishi ƙahwahu biyu tun shina yaro. Ya zo bisa kekenshi mai ƙahwa uku, wanda ake tuƙawa da hannu. Mai gari da liman da matan asusu duk sun zamna, ɗaliban makaranta sun cika hili. Ga abin da ya hwaɗi.

Su nawa ne?

Bayan ya gaida mai gari da dattijai, ya hwara da tambaya. Ya ce a gaya mishi musakai nawa ke cikin wannan gari. Anka yi ta lissahi da yatsu, anka samu 9. Ya yi murmushi, ya ce waɗannan su ne waɗanda ke hitowa waje. Na cikin ɗaka ba a ƙirga su ba.

Ya ce a ƙidayar jama'a ta 2012 an samu musakai 715.497 cikin Nijar, wato kamar mutum 4 cikin 100. Ke nan garin da ke da mutum 1.000, a sa ran akwai musakai wajen 40. Hukumar lahiya ta duniya kuwa ta ce in an haɗa kowane irin musakanci, babba da ƙarami, mutum 1 cikin 6 ne a duniya duka. Akwai makahi, da guragu, da kurame, da waɗanda kuturta ta taɓa, da masu taɓin hankali, da yaran da hankalinsu ke jinkirin buɗewa. Ya ce saboda haka maganar ta kowane gida ce. Wanda ke da lahiya yau, gobe mota ko babur ko rijiya ko tsuhwa na iya maida shi musaki. Hausawa sun ce in ba ka mutu ba, ba a gama halittarka ba.

Yadda ya taso

Daga nan ya ba da labarin kanshi. Shina da shekara 3 zazzaɓi ya kama shi. Da zazzaɓin ya sake shi, ƙahwahunshi ba su ƙara ɗaukar shi ba. Anka ce Inna ce ta sha shi. Anka yanka akuya, anka yi hayaƙi, anka sha rubutu, ƙahwa ba ta komo ba.

Ranar da anka zo rubuta yaran lakwal, babu wanda ya ambaci sunanshi. Sa'o'inshi sunka tahi da alluna, shi kuwa anka bar shi bakin zaure shina korar kaji daga shanya. Da ya kai shekara 10, ƴan'uwa sunka yi shawara, sunka ce gurgu abincinshi na birni. Anka sa shi mota, anka ba shi ƙwarya. Ya yi shekara 7 shina bara tsakanin tasha da ƙohwar masallaci. Ya ce iyayenshi ba mugaye ba ne, suna son shi ƙwarai. Abin da sunka ga kowa na yi shi sunka yi.

Wani tsohon tela na bakin kasuwa shi ya canza mishi rayuwa. Wata rana, maimakon shi jehwa mishi dala, sai ya ce: "Yaro, na ga hannuwanka lahiya lau suke. Zo ka riƙa mini wannan yadi." Ya hwara da liƙa maɓalli, ya kai ga yanka, har ya iya keken ɗinki na hannu. Sai wata matsala ta taso: bai iya rubuta awon mutane ba, bai iya rubuta bashi ba, ana cutar shi. Sai ya shiga makarantar yaƙi da jahilci ta dare, irin wannan da anka taru cikinta yau. A rani 2 ya iya karatu da lissahi.

Yau shina da rumhwarshi, da mata, da ɗiya, da yara masu koyon ɗinki, kuma dukansu masu ƙahwa ne. Shina biyan kuɗin ƙasa, shina hidda zakka. Waɗanda da ke kiran shi gurgu yanzu sai su ce mai gida. Ya yi dariya ya ce ai an daɗe da hwaɗi: kuturu da kuɗinshi, alkaki sai na ƙasan kwano.

Abin da ya hi ciwon zahi

Ya ce rashin ƙahwa ya daɗe da sabawa da shi. Abin da ba a sabawa da shi shi ne reni. Ya kawo misalai, jama'a sunka yi tsit, don kowa ya san su.

Na hwarko, suna. An yanka wa yaro rago, liman ya raɗa mishi suna, amma gari duka sai shi ce makaho, ko kurma, ko gurguwa. Sunan yanka shi ɓace. Ya roƙi jama'a su riƙa kiran kowa da sunan da ubanshi ya sa mishi.

Na biyu, ɓoyo. In baƙi sun zo, sai a tura yaron ƙuryar ɗaka. In ana biki, a bar shi tsaron gida. Yaron da ba shi hita ba shi koyon magana da mutane, ba shi koyon wasa, kuma malamin likita ba shi ganin shi.

Na uku, magana bisa kan mutum. Musaki na zamne, sai a tambayi na kusa da shi: "Mi shike so?" Kamar wanda ba shi da ido ba shi da baki.

Na huɗu, aure. Ana hana wa musaki mata ko da shina da abin riƙonta. Ɗiya mace musaka kuwa tata wahala ta hi yawa. Ba a kai ta lakwal, ba a sa ta asusu, kuma wasu marasa tsoron Allah na cin zarahinta don sun san ba a saurarenta in ta kai ƙara. Ya ce garin da ya bari anka yi haka ya yi shiru, alhaki na wuyan garin duka.

Ciwo ne kamar kowane ciwo

Ya ce yawancin renin nan daga rashin sani shike. Sai ya bi cututtukan ɗaya ɗaya, kamar yadda ma'aikatan lahiya sunka koya wa ƙungiyarsu.

Shan inna ƙwayar cuta ce da ido ba shi gani. Tana shiga ta baki, cikin ruwa ko abincin da kashi ya taɓa. In ta shanye ƙahwa babu maganin da ke maido ta, amma ɗigon rigakahi a bakin yaro na tsare shi. A watan Agusta na 2020 an shaida cewa asalin ƙwayar shan inna ta ƙare a Afirka duka. Amma akwai wani irinta da ke kama yara a wuraren da ba a yin rigakahi sosai, shi ya sa masu ɗigo ba su daina yawo gida gida ba. Ya nuna ƙahwahunshi, ya ce duk uban da ke ɓoye ɗanshi ranar ɗigo shi dubi nan. Dussa, wadda wasu ke kira ƙyanda, tana makantar da yaro, musamman wanda bai ƙoshi ba. Sanƙarau na kurumtarwa. Dukansu suna da allurar rigakahi, kuma kyauta ce.

Kuturta ma ƙwayar cuta ce. Wani likitan ƙasar Norwe ya gano ta a 1873. Ba rantsuwar ƙarya ke kawo ta ba, ba cin kihi da nono ba, ba a kuma gadonta cikin jini. Ba a ɗaukar ta don an yi musabaha ko an ci tuwo ƙwarya ɗaya. Alamarta ta hwarko tabo ne mai haske a jiki, wanda in an taɓa shi mutum ba shi ji. Ana shan magani wata 6 ko wata 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi. Da mutum ya hwara shan magani, ya daina sa wa wani. Yatsu na gutsurewa ne in an yi jinkiri: hannu ya mutu, wuta ta ƙone shi, ƙaya ta soke shi, mai shi bai sani ba. A da ana korar kutare bayan gari. Haka unguwar Kara-Kara ta Damagaram ta samo asali. Yau mai tabo ba shi da dalilin ɓoyewa. Shi tahi gidan likita mahi kusa, ko asibitin Danja, nan kusa da Maraɗi, wanda ya daɗe shina wannan aiki.

Hwarhwaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce. Ba a ɗaukar ta a miyau ko a kumhwar baki. In mutum ya hwaɗi, kar a gudu. A janye shi daga wuta da bakin rijiya, a sa mishi tsumma ƙarƙashin kai, kar a tura mishi komi a baki, in jijjigar ta lahwa a kwantar da shi ta gehe ɗaya. Akwai ƙwayoyin da in ana sha kullum suna hana hwaɗuwa.

Game da ido, ya ce tsohon da yana ta ruhe wa ido, aikin likita na ɗan lokaci na iya buɗe shi. Kar a kai shi ga masu soka ido da tsinke a kasuwa, sau da yawa nan idon ke mutuwa gaba ɗaya. Amodari kuwa, wanke huskar yara da tsabtar gida da gina salga na rage shi, kuma in gashin ido ya juya ciki ana gyara shi. Jaririn da anka haihwa da tahin ƙahwa a lanƙwashe ana miƙe mishi ita in an kai shi da wuri. Asibitin yara na CURE, wanda anka buɗe a Yamai a 2010, na cikin masu wannan aiki.

Ya ƙara da wani labari mai daɗi. A watan Janairu na 2025 hukumar lahiya ta duniya ta shaida cewa Nijar ta kau da makantar bakin kogi, wadda wani ɗan baƙin ƙuda ke kawowa. Ita ce ƙasa ta hwarko a Afirka da ta kai ga haka. Ya ce da can an ɗauka wannan makanta ƙaddara ce wadda ba a iya komi a kanta. Da anka haɗa kai shekara da shekaru, ga shi ta kau.

Makaho na karatu, kurma na karatu

Ya juya ga ɗaliban makaranta, ya ce su da sunka san daɗin baƙi da wasali, su sani makaho ma na da nashi. Wani yaro ɗan Faransa, Luwi Birai, an haihe shi a 1809. Ubanshi baduku ne. Shina da shekara 3 ya soki idonshi da kayan aikin uban, har ya makance. Shina da shekara 15 ya hito da rubutun da ake karantawa da yatsa: ɗigo 6 ne masu tudu bisa takarda mai kauri, ana jera su iri iri, kowane jeri harahi ne. Da shi ake koyarwa a makarantar makahi ta Soli Abdurahaman a Yamai. Kurame kuma suna da makarantu a Yamai da Maraɗi da Damagaram, inda ake karatu da maganar hannu. Gurgu kuwa ba shi bukatar wata makaranta dabam. Lakwal ta garinsu ta ishe shi, in akwai mai kai shi bisa jaki ko amalanke, in kuma mushe ya ba shi wurin zama kusa da ƙohwa.

Ya dubi liman, ya ce malam ya hi shi sanin labarin Abdullahi ɗan Ummu Maktum. Makaho ne, ladanin Annabi ne, tsira da aminci su tabbata a gare shi, tare da Bilalu. Sau da yawa in Annabi za shi tahiya, shi shike bari shi ja salla a Madina. A kanshi ne surar Abasa ta sauka. Liman ya gyaɗa kai, ya ce haka ne.

Ya kuma ambaci Aliyu Namangi na Zariya, makaho tun shina ƙarami, wanda ya yi waƙar Imfiraji. Jami'ar Ahmadu Bello ta girmama shi da digirin dakta. Ya ce lokacin da shike bara ya sha jin makahi na rera waƙar a ƙohwar gidaje. Ana ba su sadaka, amma ba a cika tunawa ba cewa mai waƙar ma makaho ne, kuma ilimi ne ya ɗaukaka shi.

Abin da doka ta ce

Ya ce ƙasa ba ta manta da su ba a takarda. A 1993 an yi dokar kare musakai, anka gyara ta a 2010. Ta ce duk ma'aikatar da ke da ma'aikata 20 ko hiye, ta ware wa musakai gurbi 5 cikin 100, wato mutum 1 cikin 20. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta haƙƙin musakai, wadda anka yi a 2006. A watan Disamba na 2019 kuma anka yi wata sabuwar doka don a shigar da musakai cikin kowane sha'ani na ƙasa. Ƙungiyoyinsu sun haɗu cikin tarayya guda ta ƙasa, wadda ke magana da hukuma da sunansu.

Amma ya ce doka ba ta da ƙahwa, ita ma sai an ɗauko ta an kawo ƙauye. Gurbin aiki ba shi amfanar wanda bai yi karatu ba. Karatu kuma ba shi yin nisa in babu takardar haihuwa. Saboda haka mataki na hwarko na hannun uba: shi tahi ma'aikatar magajin gari shi yi wa ɗanshi musaki takarda, daidai da sauran ɗiyanshi.

Tambayar wani dattijo

Wani dattijo ya ɗaga hannu. Ya ce: "Ɗana, maganarka ta yi kyau. Amma in musakai sun daina bara, mu wa za mu ba sadaka mu samu lada?" Jama'a sunka yi dariya.

Telan ya ce: "Baba, Allah shi ƙara maka imani, ba a hana ka sadaka ba." Ya ce sadaka iri biyu ce. Akwai wadda ake ci yau, gobe a komo. Akwai wadda ake bayarwa sau ɗaya, mutum shi tsaya da kanshi. Tunkiyar kiwo sadaka ce. Koya wa yaro tuhkar igiya, ko saƙar tabarma, ko dukanci, ko gyaran rediyo da salula, sadaka ce. Jarin ƙuli-ƙuli ga mace sadaka ne. Sayen kayan musaki a kasuwa da kuɗinsu daidai, ba na tausayi ba, shi ma taimako ne. Tsoho ko mai ciwon da ba shi iya komi, wannan ciyar da shi wajibi ne bisa danginshi da garinshi, a cikin gida, da mutunci, ba a bakin hanya ba.

Ya ce a tuna kuma, bara ba mutum ɗaya take ci ba. Duk makahon da ke yawo, akwai yaro riƙe da sandarshi. Wannan ɗan jagora idonshi lahiya lau, amma ba shi zuwa lakwal, ba shi koyon noma. In ya girma, abin da ya iya ke nan. Ƙwarya ɗaya ta cinye mutum biyu.

Abin da gari ke iyawa

A ƙarshe ya ce ba sai an jira mota ta zo daga Yamai ba. Ya lissahta abin da garin ke iya yi da hannunshi tun bana.

Ɗaliban makarantar yaƙi da jahilci, tunda sun iya rubutu, su bi gida gida su rubuta sunan kowane musaki, da shekarunshi, da abin da ke damun shi, su kai wa mai gari da malamin likita.

Duk yaron da ya isa shiga lakwal a rubuta shi, mai ƙahwa da maras ƙahwa.

In za a gina aji, ko masallaci, ko salga, a yi ƙohwa mai hwaɗi da ɗan gangare a maimakon matakala, don keke shi shiga. In an yi shi tun ana gini, kuɗinshi kaɗan ne.

Matan asusu su ba mace musaka wuri. Asusun Mata Masu Dubara nan jihar Maraɗi ya hwara a 1991, har ya bazu ƙasashe da yawa. Bai kamata a ce ya tsallake ƴar maƙwabta ba.

In ana taron gari, ko na rumbun tsimi, ko na rijiya, a kira musakai, a ba su magana. Wanda ke rarrahe shi ya san inda taɓo ke tare hanya.

Da ya ida, anka yi addu'a. Kahin a watse, wata mata ta matso kusa da keken, ta durƙusa, ta ce tana da ɗiya mai shekara 7 wadda ba ta ji tun da ta yi sanƙarau, kuma ba ta cikin 9 ɗin da anka ƙirga. Malamin makaranta ya buɗe littahi ya rubuta sunan yarinyar. Mai gari ya ce ranar kasuwa mai zuwa shi da kanshi za shi raka uban gidan likita, daga nan su nemi hanyar makarantar kurame ta Maraɗi.

Tambayoyi don mahawara a makaranta

1. Musakai nawa ke garinku? Su nawa cikinsu ke lakwal ko ke da sana'a?
2. Mi ce ce alamar kuturta ta hwarko? Wata nawa ake shan magani?
3. In mai hwarhwaɗiya ya hwaɗi gabanku, mi za ku yi?
4. Wace sana'a ce ta garinku makaho ko gurgu ke iya koyo? Wa za shi koya mishi?